Darasi na 7: Fara Koyon Harbi da Kwari da Baka

Kwari da baka dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, har gobe maharba na nan da kibansu na kyauro masu tsinin ƙarfe. Amma yanzu ya zama wasa har a gasar Olamfik, inda ake harbi daga nisan mita 70 zuwa allo mai faɗin santimita 122, wanda ya samu tsakiya cif maki 10 ke nan. 'Yan Koriya ta Kudu ne gwanayen abin.

To kai mai farawa ka manta da mita 70 ɗin nan tukuna, taku goma ya ishe ka. Ka nemi baka mai laushi wanda za ka ja ba tare da ka ciji leɓe ba, don yawancin sababbi nan suke kuskure, mutum ya ɗauko baka mai tauri wai shi ƙato, harbi biyar kafaɗa ta riƙe hannu na rawa. Buhu ka cika da tsummokara ka jingina da katanga, shi ne abin bararka.

Tsayuwa a kaikaice ake yi, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. In kai badame ne baka na hannun hagu, ka ja tsirkiya da yatsu uku na dama, ɗaya saman kibiya biyu ƙasa. Ƙarfin jan daga gadon baya yake fitowa ba damtse ba. Ka jawo har yatsanka ya taɓa gefen bakinka, kullum nan wurin dai, sannan ka saki yatsu kawai kar ka fizge. Ka ɗaura 'yar fata a hannun da ke riƙe da baka, tsirkiya in ta zane ka sai wurin ya yi shati.

Kar ka damu da tsakiya yanzu. In kibau uku suka taru wuri guda, ko da can gefe ne, hannunka ya fara zama, gyaran saiti kuma abu ne mai sauƙi.

Kar a taɓa sakin tsirkiya ba kibiya, baka na iya tsagewa. Kibiyar maharba mai dafi kuwa ko kusa ba ta shiga wasa. Sannan kafin kowane harbi a duba bayan buhun, yara da awaki ba sa sallama.

Aikin gida: rubuta sunayen kayan harbi guda huɗu da ka gani a darasin nan.