Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Raba Lodin Sabobi Bisa Lambar Ƙofa

Na daɗe ina kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, a nan Katsina, kuma kusan duk yaron da ya zo koyon aiki a hannuna sai ya maimaita kurakurai iri ɗaya ranar da aka danƙa masa na'urar raba lodi, wato mai karɓar buƙatun masu shiga shafi ta rarraba su ga sabobi, aka ce ya tura kowace buƙata zuwa rukunin sabobin da ya dace da ita bisa lambar ƙofar da ta shigo. Abin da ma'aikata ke cewa fot shi nake kira ƙofa, kuma Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani a nan: wanda ya shigo ta Ƙofar Ƙaura da wanda ya shigo ta Ƙofar Guga gari ɗaya suka shigo, amma ba unguwa ɗaya za su fara sauka ba. Adireshin IP shi ne garin, lambobin ƙofofinsa kuwa sun kai har 65535. Ta 80 ce hanyar HTTP, wato buɗe shafi ba tare da sirri ba, 443 ta HTTPS mai sirri, 22 ta SSH da ake shiga saba daga nesa da ita, 3306 kuma ta rumbun bayanai na MySQL.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai ni ne na tafka shi da hannuna. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba ni aikin shafin rajistar ɗalibanta, manhajojinta kuma suna saurare a ƙofofi uku: 3000 da 8080 da 8443. Saboda ƙyuyar rubuta layuka uku a HAProxy, manhajar raba lodin da nake aiki da ita, sai na buɗe daga 3000 zuwa 9000 a layi ɗaya, na sa yanayin tcp, wato mai wucewa da komai ba tare da duba abin da ke ciki ba, kuma ban rubuta lambar ƙofa a gaban adireshin kowace saba ba. Ƙa'idar HAProxy ita ce idan ba a rubuta wannan lamba ba, za ta miƙa buƙatar zuwa irin ƙofar da baƙo ya ƙwanƙwasa. Abin ya yi aiki nan take, har na yi wa kaina kirari. Sai dai 3306 tana tsakanin 3000 da 9000, kuma MySQL na zaune a kan sabobin nan. Mafi muni, rumbun yana ganin kowane baƙo da adireshin cikin gida na na'urar raba lodi, wanda ni da kaina na sa shi cikin amintattu. Bayan makonni ina duba kundin shige da fice saboda wata matsala dabam, sai na tarar da layuka bila adadin na masu gwada kalmar sirri dare da rana. Kwana biyu shafin yana rufe a tsakiyar rajista, ina sauya kowace kalmar sirri, ina bin bayanan yara ɗaya bayan ɗaya, iyaye kuma suna cika ofishin makarantar da rasit a hannu. Ba a sabunta mini kwangilar ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Tun daga ranar ba na buɗe jerin ƙofofi a dunƙule. Kowace ƙofa da layinta, kowace saba da lambarta a rubuce, duk abin da bai dace da wata ƙa'ida ba kuma a mayar da shi, kada ya gangara cikin rukunin da aka ware wa ragowar buƙatu. Masu aiki da BIG-IP, na'urar raba lodi ta kamfanin F5, su ma suna faɗawa wannan rami idan suka bar ƙofar sabar gaba a kan sifili, wato kowace ƙofa. Wasu abokan aiki suna cewa katangar tsaro ta isa ta tare sauran. Ni dai ban yarda in rataya bayanan mutane a kan igiya ɗaya ba.

Na biyu shi ne rikicin 443 da 80. Ana kwance sirrin TLS, wato makullin da ke kare HTTPS, a kan na'urar raba lodi, sai a miƙa buƙatar a buɗe zuwa ƙofa ta 80 a bayanta. Manhajar da ke can ba ta san an riga an bi ta HTTPS ba, don haka sai ta ce wa burauza ta koma 443, na'urar ta sake kwancewa ta kawo mata ta 80, haka za a yi ta kewayawa har Chrome ya gaji ya rubuta ERR_TOO_MANY_REDIRECTS. Wani yaro ya taɓa kirana bayan sallar isha yana cewa, "Malam, wallahi takardar shaidar tsaron ce ta lalace, na sauya ta sau uku." Na ce masa, "Kai, ƙyale takardar nan, me curl -v ya nuna maka?" Bai ma gudanar da wannan umarni mai nuna amsar da saba ke bayarwa ba. Wannan ɗabi'a ta sauye-sauye kafin a duba ita ce ke ba ni haushi fiye da kuskuren kansa. Gyaran layi ɗaya ne: a aika da X-Forwarded-Proto, wato alamar da ke gaya wa manhajar hanyar da baƙo ya biyo, ɗauke da https, a kuma saita manhajar ta gaskata shi idan daga na'urar raba lodi ya fito. Akwai kuma masu yin akasin haka, su tura buƙata a buɗe zuwa 443 ta baya, sai Nginx, manhajar da ke miƙa shafin a kan sabar, ya amsa da kuskure mai lamba 400. Kada kuma jin zafi ya sa a rufe 80 gaba ɗaya, domin ta nan Let's Encrypt, mai ba da takardar shaidar tsaro, ke tabbatar da mallakar shafi a hanyar da ake kira HTTP-01, kuma ranar da sabunta takarda ya gagara ne za a tuna da ita.

Sauran ba su cancanci dogon surutu ba. A ƙa'idodin HAProxy, ƙofar da baƙo ya nufa ake dubawa, wato dst_port. Src_port lamba ce ta wucin gadi da kwamfutarsa ta zaɓa, a Linux galibi tsakanin 32768 da 60999, kuma ƙa'idar da aka gina a kanta ba za ta yi aiki ba. Layukan use_backend, masu zaɓar rukunin sabobin da za a tura wa buƙata, daga sama ake karanta su, na farkon da ya dace shi ke cin kasuwa, saboda haka ƙa'ida mai faɗi ƙasa take zama. Gwajin lafiyar saba ya kamata ya ƙwanƙwasa ƙofar da ake aiki da ita, in ba haka ba 80 tana amsawa, 8443 ta mutu, na'urar kuma tana ta tura mata jama'a. HTTP/3, sabon salon HTTP, ta hanyar aika bayanai da ake kira UDP yake bi a 443, buɗe hanyar TCP da aka saba kaɗai ba zai shigar da shi ba.

Akwai kuma masu ba kowane shafi ƙofarsa, wannan 8081, wancan 8082, alhali sunan shafi da SNI, wato sunan da burauza ke faɗa tun farkon haɗin HTTPS, sun isa su raba su duka a kan 443. Ofisoshi da yawa suna toshe irin waɗannan ƙofofi a intanet ɗinsu, kuma babu uban da zai tuna ya ƙara lamba a bayan adireshi yana tsaye a shagon rajista. Ni a wurina, raba lodi da lambar ƙofa na abubuwan da yarensu ya bambanta ne, kamar wasiƙun imel da shafukan yanar gizo.

Kafin in sake kunna komai nakan gudanar da haproxy -c -f a kan fayil ɗin saitin don gano kuskuren rubutu, in duba ss -tlnp a kowace saba don ganin ƙofofin da ke saurare, sannan in kashe wayfai, in kunna datar wayata, in gwada 22 da 3306 daga waje in ga sun ƙi buɗewa.