Hanyar Bernina ba sai da jirgin 'yan yawon buɗe ido ba

Masu shirin zuwa Siwizalan, ba dole sai kun kama kujera a Bernina Express, jirgin ƙasan 'yan yawon buɗe ido da ke ratsa duwatsun Alps, ba. Ku hau jirgin gama-gari daga Chur zuwa St. Moritz, ku sauya zuwa mai zuwa Tirano.

Layin dogo ɗaya suke bi, duwatsun da ƙanƙarar duk ɗaya. Bernina Express sai an biya kuɗin kujera daban, ko da kuna da Swiss Travel Pass, tikitin da baƙi ke yawo da shi a jiragen ƙasar. Na gama-gari tikiti kawai yake so. Kuma kuna iya sauka a tashar Alp Grüm, ku sha shayi kuna kallon ƙanƙarar Palü, ku hau na gaba.

Daga Chur ku zauna ta dama. Kafin Filisur jirgin zai lanƙwasa a kan gadar Landwasser ya faɗa cikin dutse kai tsaye. Daƙiƙu kaɗan ne, ku shirya waya tun da wuri.

Tsoho ko mai manyan akwatuna, sauyin jirgi zai wahalar da shi, gara ya biya kujerar Bernina Express. Lokacin zafi ma akwai cunkoso a na gama-gari, iyali ba lallai su zauna tare ba.

Tirano a Italiya take, ku riƙe fasfo.