Yadda nake tantance jerin abubuwa a sabar kafin in adana su

Binciken da fom ke yi a burauza bai taɓa wadatar da ni ba, domin duk wanda ya iya curl, manhajar aika saƙo kai tsaye zuwa sabar, zai tsallake fom ɗin ya aika wa sabar abin da ya ga dama. Lamarin ya fi tsanani idan saƙon jeri ne, kamar oda mai kaya da yawa, kowanne da id (lambar kayan) da qty (adadinsa).

Daga waje nake farawa. Jeri ne kuwa? A JavaScript, typeof "object" zai ce maka ko jeri ka ba shi ko null, don haka Array.isArray nake kira. Sai tsawo. Express, tsarin gina sabar a JavaScript, na tsayar da JSON (sigar rubutun saƙon) a 100kb idan ba ka sauya ba, amma ƙananan abubuwa dubbai na iya shigewa a wannan girman. Ka sa iyaka da kanka: minItems da maxItems a JSON Schema (ƙa'idar bayyana siffar JSON), ko .min(1).max(100) a Zod (laburaren tantance bayanai). Jerin da ba komai a ciki ma ka yanke hukunci a kansa tun wuri.

Daga nan sai kowane abu shi kaɗai. Dole id ya kasance, qty kuma cikakkiyar lamba daga 1 zuwa sama, ba rubutun "5" ba. Filin da ba ka nema ba fa? Zod na share shi shiru, sai ka sa .strict() zai ƙi karɓa. A JSON Schema additionalProperties: false ke wannan aikin. Ni ƙin karɓa na fi so, don in san wani na cuso abu irin isAdmin don ya ba kansa ikon mai gudanarwa. Farashi kuwa ba na karɓa daga mai aikowa ko kaɗan, daga rumbun bayanai nake ɗaukowa.

Inda na fi so ka tsaya ka natsu shi ne maimaici. Kowane abu zai iya zama lafiya ƙalau, jerin kuma ya lalace. A ce kaya mai id 7 ya zo sau biyu, ɗaya da qty 2, ɗaya da qty 5. Da yawa sukan sa uniqueItems na JSON Schema su kwantar da hankali, alhali shi abu gaba ɗaya yake gwadawa da ɗan'uwansa, kuma tunda adadin ya bambanta, duka biyun za su wuce. Idan guda 6 suka rage a ajiya, kowane layi zai tsallake binciken ajiya, amma jimla 7 ce. Joi, wani laburaren tantancewa, na da .unique("id"), Laravel, tsarin gina sabar a PHP, na da distinct a kan items.*.id, in ba haka ba ka zuba lambobin id a Set, wanda ba ya riƙe maimaici, ka gwada girmansa da tsawon jerin.

Wajen tabbatar da cewa kayan suna nan, kada ka tambayi rumbun sau ɗaya ga kowane layi. Tambaya guda da WHERE id IN ta isa, sai ka duba waɗanda ba su dawo ba. Adanawar ma ka yi ta a ɗaure wuri guda, wato transaction, ko duka su shiga ko babu wanda zai shiga.

Saƙon kuskure kuma ya nuna layin da matsalar take. Ajv, laburaren da ke tantancewa da JSON Schema, na bayar da instancePath kamar /items/3/qty, wato abu na huɗu, tunda ƙidaya daga 0 take farawa. Da allErrors: true a Ajv, ko abortEarly: false a Joi, za ka tattaro kurakuran duka ka mayar da su tare da lambar kuskure ta HTTP 400 ko 422. Sai dai wannan zaɓin na sa bincike ya ci gaba ko bayan kuskuren farko, shi ya sa nake duba tsawon jerin daban tukuna, in ya wuce iyaka in mayar da shi nan take.