Yadda Ake Sa Katun ɗin Kwamfuta Ya Yi Kama da Zanen Hannu

Santsi ne ke tona asirin katun ɗin kwamfuta. Motsi sumul, haske na sheƙi a jiki kamar roba. Shi kuwa zanen hannu, ɗan karkacewar hannun mai zane ce ke ba shi rai. Don haka aikinka shi ne rage wa na'ura wannan santsi. Zan yi bayani da manhajar Blender, wadda kyauta ake sauke ta.

Fara da motsi, ko da yake masu koyo sun fi ɗokin launi. Fim na tafiya da hotuna 24 a daƙiƙa, amma masu zanen hannu sukan zana 12 ne kawai, kowane zane ya fito sau biyu. A katun ɗin Japan ma sau da yawa 8 ne. Shiga Graph Editor, wato sashen gyaran motsi na Blender, ka ɗora Stepped Interpolation, mai sa motsi ya riƙa tafiya mataki-mataki, a kan motsin, ka sa matakinsa 2. Sai dai idan kyamara tana tafiya, mayar da ɗan wasan kan 24, in ba haka ba za ka ga yana karkarwa. Sannan kashe dusashewar nan da kwamfuta ke yi wa abu mai gudu. Idan hannu ya kai naushi, ka ja shi ya yi tsawo a hoto ɗaya tak, ko ka jera hannaye uku, kamar yadda masu zanen dā suke yi. Ido ba zai kama shi ba, amma zai ji ƙarfin naushin.

Sai inuwa. Launi biyu sun isa, na haske da na duhu. A Eevee, injin fitar da hoto na Blender, shiga sashen tsara launin jiki, ka haɗa akwatunan Diffuse BSDF da Shader to RGB, ka bi da Color Ramp, ka mayar da shi Constant don iyakar inuwa ta fito da kaifi. Kada inuwar ta zama baƙa wuluk, surka mata shuɗi kaɗan.

Layin gefe kuma, Line Art na Grease Pencil (alƙalamin zane na Blender), wanda ya zo da Blender 2.93 a 2021, zai fitar maka da shi. Ƙara masa Noise kaɗan don ya riƙa ɗan rawa, ka sa ya yi kauri a wuri, ya sirance a wuri. Ni dai idanu da baki na fi son in koma in zana su da hannuna, domin a fuska mai kallo ke fara gane aikin na'ura.

Bango kuwa, zana shi hoto ɗaya shimfiɗaɗɗe da burushi mai kama da fentin ruwa, ka ajiye shi a bayan 'yan wasan.