Kurakuran da aka fi yi wajen danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya

Mutum ya yanke jiki ya faɗi, sai ka ga an taru a kansa, wannan na fifita, wancan ya ruga ɗebo ruwa, wani na salati yana jijjiga shi, mintuna kuwa na ta tafiya. Wannan tsayuwar kallon ita ta fi ci min rai, don ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa ne cikin minti 4 zuwa 6 da yankewar jini. Ka tabbatar wurin ba haɗari, ka bubbuga kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi, in bai motsa ba ka duba numfashi, kar dubawar ta wuce sakan 10. Sannan ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai, kira lambar gaggawa. In ka ce "a kira mota" wallahi kowa zai ɗauka wani ya kira.

A wajen numfashin nan ake yawan ruɗewa. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani irin kakari, yana buɗe baki jefi-jefi kamar kifin da aka tsamo daga ruwa, sai a ce ai yana numfashi a ƙyale shi ya huta. Ba numfashi ba ne wannan. In ba ya amsawa kuma numfashinsa ba na ƙa'ida ba ne, fara dannawa kawai, kar ka tsaya laluben bugun jijiya a wuya, ko ma'aikatan lafiya yana ba su wahala a irin wannan lokacin. Kuma don Allah kar a ɗura masa ruwa a baki, huhu zai tafi.

Sai dannawar kanta. Yawanci tausayi ke hana mutane, su riƙa ɗan tausa ƙirjin a hankali, alhali babba sai ƙirjinsa ya lotsa santimita 5 zuwa 6 kafin jini ya motsa. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, in a katifa ne rabin ƙarfinka katifar za ta shanye. Gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗunka saitin hannayen, da nauyin jikinka za ka danna ba da ƙarfin damtse ba. Sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu duk sakan. Za ka iya jin haƙarƙari ya yi ƙara, hankalinka zai tashi, na sani, amma ci gaba, karaya tana warkewa.

Wani abin da ba a lura da shi, in gajiya ta zo sai mutum ya kwanta a kan ƙirjin bai bari ya taso ba, to a tasowar nan ne zuciya ke cika da jini. Shi ya sa in kuna da yawa ku riƙa karɓeɓeniya duk minti 2.

Hura iska a baki kuwa, wanda ya koya ya yi dannawa 30 hurawa 2, ya ɗaga haɓa ya toshe hanci, kowace hurawa sakan ɗaya ta isa. Wanda bai koya ba ko yana ƙyanƙyami kar hakan ya sa ya ja baya, dannawa zalla ma tana aiki.

In akwai na'urar AED a kusa, wato wadda ke ba zuciya shokin lantarki don bugunta ya daidaita, a ɗauko a kunna, ita da kanta take faɗin abin da za a yi, kawai kar kowa ya taɓa shi lokacin da za ta ba da shokin, kuma tana gamawa a koma dannawa nan take. Ba a dainawa sai ya fara numfashi sosai, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko ƙarfinka ya ƙare gaba ɗaya.