Yadda nake daidaita tsayin motata bayan na sauke ta

Ranar da na sa wa motata kwailoba, wato shokazoba mai zare a jiki wadda sifirin ke zaune a kanta, zumuɗi ya sa na sauke ta har tayoyi suka kusa ɓuya cikin madigadi. Kyau kam ta yi. Amma tudun rage gudu na farko da na hau sai na ji ƙuuu a ƙarƙashi, tayar gaba kuma tana gugar roba duk sa'ad da na karya sitiyari. Dole na koma na ɗaga ta.

Kafin ka taɓa sifana, yi awo. Ajiye motar a daɓe mara gangare, iskar tayoyi daidai, but ɗin motar babu kaya. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kowace taya, ka rubuta a milimita. Kada ka auna daga ƙasa, domin tayar da ta cinye ko ta rage iska ƙarya za ta yi maka.

Sai ka ɗaga da jak, ka tokare da ƙafafun ƙarfe, ka cire taya. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Goge zaren da buroshi, ka fesa man kwance tsatsa, in ba haka ba yashi zai cinye shi, zoben ya cije.

A nan ake yawan kuskure. Kwailoba iri biyu ce. Akwai wadda zoben da ke riƙe da sifirin shi ne ke ɗaga mota ko sauke ta. Akwai kuma wadda ake kwance zoben can ƙasa, a murɗa jikin shokazobar cikin kofinta, ta ƙara tsawo ko ta rage. Idan ta biyun gare ka, bar zoben sifirin yadda masana'anta suka saita shi. Ni na taɓa sassauta nawa don neman ƙarin sauka, sifirin ya riƙa ƙwal-ƙwal a kowane rami. Ka kuma duba takardar kayan, ka ga iya zaren da dole ya rage cikin kofin.

Murɗa kaɗan-kaɗan, kamar milimita 5, hagu da dama daidai wa daida. Nakan ɗiga fenti a zoben don in ƙirga zagaye. A motar da shokazoba ke manne kusa da taya, abin da ka murɗa kusan shi za ka gani. Inda take zaune can ciki a kan hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe da taya ta ƙasa, milimita 5 na iya haura haka a madigadi.

Ɗaure zoben kulle tamau, duba tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, kada su ɗame, mayar da taya, sauke mota. Kada ka auna nan take! Tura ta gaba da baya, ko ka ɗan zaga da ita, ta zauna tukuna. Na ɓata yini guda ina gyaran kusurwar da lafiyarta lau saboda rashin sanin wannan. Sabon sifirin ma yakan ƙara zama bayan 'yan kwanaki, sai ka sake awo.

Da tsayin ya yi maka, kai ta a yi alaimen, domin sauya tsayi na karkatar da tayoyi, gefen ciki ya cinye da wuri. Ka sa a duba saitin fitilun gaba ma.