Yadda Ake Zana Haruffan Ado da Hannu Domin Allon Shago

Haruffan ado, irin waɗanda ake gani a allunan shagunan Kasuwar Wunti a Bauchi, sun dace da sunan sana'a da kanun talla kawai, domin a dogon rubutu suna gajiyar da ido.

Da farko, ka ja layi biyu da fensir a farar takarda domin tsawon haruffan ya daidaita. Sannan ka zana kowane harafi sau uku, ka zaɓi mafi kyau. 'Yar karkacewa ba aibi ba ce, ita ce shaidar aikin hannu.

Ka kula sosai da ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda haruffan ado da dama na intanet ba su da su, kuma idan lanƙwasarsu ta yi ƙanƙanta, "Masaukin Baƙi" zai koma "Masaukin Baki" a idon mai wucewa a kan babur.

Bayan haka, ka bi zanen da baƙin tawada, ka ɗauki hotonsa cikin haske, ka shigar da shi FontForge, manhajar kwamfuta ta ƙera haruffa wadda ake samu kyauta, ka ɗora kowane zane a gurbin harafinsa. Kafin ka kai wa mai buga allo, ka buga sunan a takarda, ka ja baya taku 10 ka karanta.